Oga ya ce bincikena tsohon yayi ne, wata mujalla kuma tana neman dala kafin ta buga

Assalamu alaikum Mama. Ni likita ce, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Zariya, yawanci ɗakin haihuwa da ɗakin mata. Tun da na kama aiki wani abu ke damuna. Mace za ta haihu mu sallame ta lafiya ƙalau, kafin arba'in ko jim kaɗan bayanta sai a dawo mana da ita ƙafafu a kumbure, tana haki, ba ta iya barci sai a zaune. Wasu su warware, wasu mu tura su gaba, wasu kuma sai dai mu ji labarin rasuwarsu a bakin dangi. Na sayi littafi na musamman ina rubuta kowace, shekara uku ke nan, yanzu sun haura tamanin. Na zauna na rubuta takarda a kansu, na aika wa mujallu biyu na ƙasar waje, duk suka mayar mini da ita ko sati ba a yi ba, kuma babu wani bayani.

Da na kai wa Ogana sai ya ce wannan magana an gama ta tun kafin a haife ni, wankan jego ne da kunun kanwa, kowa ya sani. Wai in nemi abin da ake yayi, irin binciken ƙwayoyin halitta, shi Turawa ke ba wa kuɗi. In kuwa na dage, to sunansa ne zai zo farko, in kuma saka sunayen abokansa biyu da ke neman ƙarin girma. Ana cikin haka sai ga saƙon imel daga wata mujalla, har da kirana farfesa, wai za su buga mini cikin kwana bakwai in na biya dala 150. Ɗaukar adashina ta kusa, ga shi ina son neman gurbin ƙaro karatu, kuma ana tambayar abin da mutum ya wallafa. Maigidana ya ce in daina wahalar da kaina. Mama, in biya? Ko batun zan canza gaba ɗaya?

'Yarki a Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki biya, kuma kada ki canza batu. Adashinki ki yi abin da kika yi niyya da shi tun farko. Na ba ki amsar tun daga bakin ƙofa ne don ko kin gaji da dogon zancena a hanya, abin da kika zo nema yana hannunki.

Mujallar da ta kira ki farfesa ba ta karanta aikinki ba, kuma ba za ta karanta ba. Irin wannan saƙo na'ura ke watsa shi ga dubban mutane a dare ɗaya. Ni ma suna zuwar mini, har da masu roƙon in rubuta musu a kan gina gadoji. Mujallar gaskiya takan miƙa takardarki ga ƙwararru biyu ko uku, su bi ta layi-layi, su dawo da tambayoyi, ki gyara, a sake dubawa. Yawancinsu kyauta suke yi, a tsakanin nasu ayyukan, shi ya sa abin ke cin watanni. Wanda ya yi miki alkawarin kwana bakwai ya riga ya faɗa miki da bakinsa cewa babu mai dubawa. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri takardar ƙarya a kan wani maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne, sunayen marubutan bogin da ya ƙirƙira irin na 'yan Afirka ne, da cibiyoyin da babu su a biranen Afirka, don ya san ba wanda zai yi mamaki in an neme su a intanet ba a gan su ba.

Neman kuɗi kaɗai ba shi ke nuna mujallar cuwa-cuwa ba. Akwai manyan mujallu na ƙwarai da ke karɓar dubban daloli don kowa ya karanta kyauta, kuma da yawansu na yafewa ko ragewa ga marubuta daga ƙasashe irin tamu, in an nema tun lokacin aikawa. Hanyar ganewa ita ce ki bincika da kanki. Kada ki yarda da tambarin da suka liƙa a shafinsu. Ki shiga DOAJ, shafin da ke jera tantatattun mujallun da ake karantawa kyauta, ki rubuta sunan mujallar, ki shiga PubMed, rumbun takardun binciken likitanci na intanet, ki ga ko ana lissafa ta, ki kuma lura da harafi-harafi, domin sun iya aron sunan fitacciyar mujalla su canza kalma ɗaya. In kin ruɗe, ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a sun san wannan aiki fiye da yadda likitoci ke zato, kuma ba mu cika tambayarsu ba. Asarar da za ki yi ba ta tsaya kan dala 150 ba. Aikin da aka buga sau ɗaya, babu mujallar kirki da za ta sake karɓarsa, kuma in kika ce su janye sai su nemi wasu kuɗin. Shekara uku na rubutunki za su kwanta a inda babu likitan da ke leƙawa. Masu tantance masu neman gurbi ma yanzu sun waye, wanda ya ga irin wannan mujalla a takardunki zai fi yi miki kallon banza fiye da in ya ga wurin babu komai.

Sai maganar Ogan naki, wadda ita ce ta fi cin raina, domin rabinta gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya wuyar turewa. Maganar tsohuwa ce, kuma a nan garin aka kafa ta. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata fiye da ɗari biyu masu irin wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa, suka wallafa babban rahotonsu a 1978. Sun lura ciwon ya fi yawa a tsakanin matan Hausawa, ya kuma fi tasowa a watannin damina masu zafi da danshi. Suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai ƙuna safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Hasashensu shi ne kanwa na tara ruwa a jiki saboda gishirin da ke cikinta, zafi kuma na buɗe jijiyoyin jini na fata, zuciya ta rasa yadda za ta yi da nauyin. Bayani ne mai shiga hankali, ya shiga littattafan koyar da likitoci, har aka san Zariya da shi a duniya. Nan karatun Oganki ya tsaya.

To amma a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wata rajista da ta haɗa asibitoci daga sassan Najeriya, inda aka tabbatar da ciwon da hoton zuciya. Sun samu cewa Arewa maso Yamma ta fi ko'ina, kusan mace ɗaya cikin haihuwa ɗari. Sai dai ba su ga alaƙar ciwon da al'adun jego ba, ba su kuma ga alaƙarsa da ƙabila ba. Abubuwan da suka ga suna tafiya tare da shi su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, da hawan jini lokacin goyon ciki. Wato abin da aka shekara arba'in ana ɗora wa tukunyar wanka, sai ga shi yana nuna talauci da yatsa. Ba ina cewa na farkon sun yi shirme ba ne. Lokacinsu hoton zuciya bai yawaita ba, ƙila cututtuka daban-daban suka haɗu a cikin lissafinsu, kuma jegon da ake yi yanzu ba irin na kakanninmu ba ne. Abin da nake so ki gani shi ne amsar ta motsa, kuma tambayar da amsarta ke motsi ba a gama da ita ba. Ki nemo wannan takarda ta 2020, ki fitar da ita, ki kai masa cikin ladabi a matsayin mai neman ya fahimtar da ke. Kada ki kai masa ita a gaban jama'a.

Zancen cewa ki bi inda kuɗi yake, shi ma tsohon ciwo ne. Tun 1990 wani kwamitin duniya kan binciken lafiya ya nuna yadda kuɗin bincike ke kauce wa cututtukan talakawa, daga baya aka laƙaba wa abin suna giɓin 10/90: ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin binciken lafiya na duniya ke zuwa ga matsalolin da ke ɗauke da kashi 90 na nauyin cuta. Mai biya shi ke zaɓen tambaya, kuma yakan zaɓi wadda ta dame shi. Ban raina binciken ƙwayoyin halitta ba, an ma gano cewa wasu masu wannan ciwo da gadonsa suka zo. Amma ki tambayi kanki, a asibitin naku akwai firizar da ke kwana da wuta? Akwai ɗakin gwajin? In babu, matsayinki a irin wannan aiki bai wuce mai ɗibar jini ba. A kwashe samfur a tafi da shi, a yi nazari a can, in an yi miki kara a tsoma sunanki a tsakiyar mutum talatin. Abin da kike da shi wanda babu wani a Landan da ke da shi, su ne matan nan da ke shigowa ɗakinki suna haki, suna yi miki bayani da harshen da kike ji.

Ki kuma duba abin da ya fito da sunan garin nan a harkar likitanci. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta jihar Ribas, shi da abokan aikinsa suka rubuta haihuwar asibiti a Zariya daga 1976 zuwa 1979, guda 22,774 a jere babu tsallake. Suka nuna cewa mace-macen sun taru ne a kan matan da ba su zuwa awo, waɗanda ake kawowa bayan naƙuda ta yi tsawo, da ƙananan yara masu cikin fari, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, kuma karatun mace na kare ta. Sai a 1985 aka wallafa aikin, shekara tara da farawa, ya kuma zama cikin ayyukan da suka farkar da duniya kafin taron Nairobi na 1987 kan mutuwar mata wajen haihuwa. Brian Greenwood ya yi kusan shekara goma a nan yana fama da sanƙarau, kuma a nan aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen allura guda ta kloramfenikol mai maiƙo, wadda aka daɗe ana dogaro da ita a lokutan annoba a ƙasashen Sahel. Tambayar da ta haifi wannan gwaji daga ɗakin majinyata ta fito: ga mutane jibge, ga ma'aikata kaɗan, wa zai riƙa bin kowa da allura sau huɗu a rana? Ko a kwanan nan, binciken da aka wallafa a 2023 kan zubar jini bayan haihuwa, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ginshiƙinsa wata leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a san yawan jinin da ya zuba, sannan a ba da magunguna a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. An yi shi a asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, da mata sama da 200,000, kuma mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara da tambayar me ake yayi.

Maganar sunaye kuwa, akwai ƙa'ida a rubuce, ba ra'ayina ba ne. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin mutum ya zama marubuci: ya sa hannu sosai wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi in an sami matsala. Shugabancin sashe ba ya cikinsu, abota ma haka. Na san faɗar wannan a shafin jarida ya fi faɗarsa a ofishin Oga sauƙi, kuma wannan mutum shi zai rubuta miki takardar shaida in kin tashi neman gurbi. Don haka kada ki je da ƙa'ida a baki, ki je da aiki a hannu. A al'adar mujallun likitanci sunan farko na wanda ya yi aikin ne, sunan ƙarshe kuma na babban da ya kula da shi, kuma duk mai karatu ya san haka. Ki ce masa, Yallaɓai, wurin manya na ajiye maka. Sannan ki ba shi aikin da zai sa ya cancanci wurin: ya karanta ya gyara, ya buɗe miki ƙofar inda za a yi wa matan hoton zuciya, ya yi magana da shugaban asibiti. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Abokan nasa kuwa, ki bar fom ɗin mujalla ya yi miki faɗan, domin yawancinsu yanzu suna neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, kowa ya sa hannu. In suna son shiga da gaske, ga aiki nan jingim, wani ya ɗauki bibiyar majinyata. Duk abin da kuka tsayar, ki bi shi da ɗan saƙon imel na godiya mai ɗauke da jerin sunayen, don kada wata shida nan gaba kowa ya tuna nasa daban.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda nake zargin shi ne ainihin dalilin da takardarki ke dawowa. Mayarwa cikin kwanaki kaɗan na nufin edita bai ma aika ta ga masu dubawa ba. Wannan ba abin kunya ba ne, manyan mujallu na mayar da sama da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake aika musu, har da na farfesoshi na gaske. Amma daga yadda kika bayyana aikin, ina ganin abin da ke hannunki ƙidaya ce, ba amsar tambaya ba. Littafinki hatsi ne a rumbu, edita kuwa tuwo yake jira. Zai karanta ya ce, to mata tamanin sun zo a kumbure a Zariya, me muka sani yau da ba mu sani ba a 1978? Tamanin cikin haihuwa nawa? In wasunsu a gida suka haihu ko daga ƙauyuka aka kawo su, ba ki da abin da za ki raba da shi, don haka ba za ki iya cewa ga yawan ciwon ba. In kin rubuta cewa kusan dukkansu sun yi wankan jego, zai tambaye ki matan da suka haihu lafiya fa, su ba su yi ba? A garin da kusan kowace mai jego ke wanka, samun wanka a tarihin marar lafiya bai nuna komai ba sai an kwatanta da masu lafiya.

Akwai kuma batun sunan ciwon. Kumburi da haki bayan haihuwa na iya fitowa daga ƙarancin jini mai tsanani, ko hawan jini, ko lalacewar ƙofofin zuciya tun ƙuruciya da ciki ya tono, ko ciwon ƙoda. Ba a kiransa raunin naman zuciya na lokacin haihuwa sai hoton zuciya, wato eko, ya nuna ƙarfin bugun ya faɗi ƙasa da kashi 45 cikin ɗari, kuma an kore sauran dalilai. In ba a yi wa matan naki eko ba, kada ki ba su sunan da ba ki tabbatar ba. Ki kira abin da kika gani, gazawar zuciya bayan haihuwa, ki faɗi ƙarara nawa aka yi wa hoto, nawa ba a yi wa ba. Masu dubawa sun fi yafe ƙarancin kayan aiki a kan ɓoye shi.

Ba ki kuma ambaci izinin kwamitin ɗa'ar bincike ba, kuma shirun ya dame ni. In babu lambar izini a takardar, wannan kaɗai ya isa a mayar da ita ba a karanta ba. Kada ki ɗauke shi a matsayin cika fom. Mu a Arewa mun san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da aka shekara da shekaru ana yi kan ko iyaye sun san abin da ake ba 'ya'yansu, da yadda inuwar abin ta daɗe tana bin allurar rigakafi. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma ko duba tsofaffin fayiloli za ki yi sai kwamiti ya gani. Akwai kwamiti a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, akwai a asibitin koyarwa da ke Shika. Ki rubuta musu, ki faɗi gaskiyar yadda littafin ya samu, ki bar su su yanke abin da ya halatta ki yi da shi. Ki nemi izinin shugaban asibitinku a rubuce, domin bayanan majinyata ba naki ba ne. Littafin kuma ki kulle shi, a kwamfuta ki sa lambobi a madadin sunaye. Wani amfani na gefe: takardar izinin za ta fito da sunanki a matsayin shugabar binciken, kuma wannan ya fi duk wata gardama ƙarfi ranar da aka zo jera sunaye.

Da izini a hannu, abin da kika tara zai iya zama ƙaramar takarda mai gaskiya, wadda ta bayyana su wane ne matan, yaushe suka zo, a wane hali, me ya same su. Akwai jerin abubuwa 22 da ake kira STROBE, na irin wannan bincike, ki ɗauko ki bi takardarki da shi ɗaya bayan ɗaya, za ki ga ramukan da kanki. Wajen zaɓen mujalla, ki duba takardun da ke kanki kika kafa hujja da su, inda aka buga su nan masu karatunki suke. Annals of African Medicine, da Nigerian Journal of Clinical Practice, da Nigerian Postgraduate Medical Journal, da Pan African Medical Journal duk ana samunsu a PubMed, kuma likitan da ke Funtuwa ko Birnin Gwari ya fi buƙatar sakamakonki a kan na Boston. Mujalla ɗaya ake aika wa a lokaci guda. In masu dubawa suka dawo da shafi uku na suka, ki yi murna, an karanta ke nan. Ki bar shi ya kwana biyu, sannan ki amsa kowace magana daban, inda suka yi daidai ki gyara, inda suka kauce ki kawo hujja ba tare da zafi ba. Don neman gurbin kuwa, gabatar da taƙaitaccen aikin a taron shekara na SOGON, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Najeriya, ko na ƙungiyar likitocin zuciya abu ne da ake rubutawa a takardun neman gurbi, kuma ya fi saurin samuwa.

Maigidanki ba ya ƙin ci gabanki, ya gaji da ganin fitila a kunne ne. Ki ware wa aikin lokaci sananne a mako, ki faɗa masa yaushe za a gama.

Babban aikin shi ne wanda za ki fara daga yanzu zuwa gaba, kuma nan ne zaɓen tambaya ke da muhimmanci. Tambaya takan cancanci wahalarki in ta shafi mutane da yawa, in ba a riga an amsa ta ba, in za ki iya amsa ta da abin da ke hannunki, in kuma amsar za ta canza abin da nas ko ungozoma za ta yi gobe da safe. Kafin ki yanke, ki zauna da wasu daga cikin matan da suka warke, da iyayensu mata da suka yi musu jego, ki tambaye su me suke so su sani. A Ingila akwai ƙungiyar James Lind da tun 2004 aikinta ke nan, haɗa majinyata da likitoci su jera tambayoyin da suka fi damunsu, kuma sau da yawa jerin majinyata daban yake da na masu bincike. Ina kyautata zaton naki za su ce, zan iya sake haihuwa? In ci gaba da shayarwa? Maganin nan har yaushe, ga tsada? Waɗannan ba ƙananan tambayoyi ba ne, domin an san cewa sabon ciki na da haɗari sosai ga wadda zuciyarta ba ta gama farfaɗowa ba, kuma shawarar tazarar haihuwa ba ita kaɗai ke yanke ta ba.

Da ni ce, ɗaya zan ɗauka cikin biyu. Ko dai hanyar da mace ke bi kafin ta iso gare ki, kwana nawa daga fara kumburi, wa ta fara gaya wa, kemis ta je ko mai maganin gargajiya, wa ya ce kumburin jego ne zai sauka. Ko kuma abin da ke faruwa a shekarar da ta biyo bayan sallama: su wa suka rayu, su wa suka daina shan magani kuma me ya sa, su wa suka sake ɗaukar ciki, jariran fa. Na fi karkata ga ta biyun, saboda ke da kanki kin ce labarin rasuwar wasu a bakin dangi kike ji, kuma abin da ake ji a bakin dangi ba ya shiga lissafin kowa. Ki nemi masanin ƙididdiga tun kafin ki buga fom, ba bayan kin cika ɗari ba, ya gaya miki mata nawa kike buƙata da abin da za ki riƙa rubutawa.

Irin wannan bibiya a wurin ɓatan mutane take mutuwa, don haka ki shirya masa tun ranar farko. Mai cikin fari sau da yawa wankan gida ta zo, adireshin da ta ba ki na iyayenta ne, bayan arba'in ta koma ɗakinta a Giwa ko Soba ko ma wata jihar. Wayar da ta ba ki ta mijinta ce, ko ta ƙanenta da zai canza layi. Ki karɓi lamba biyu ko uku, ki kira su nan take a gabanta ki ji sun shiga, ki rubuta unguwar iyaye da ta miji da sunan mai unguwa ko masallacin da ke kusa. Ki nemi yardarta ita kanta da Hausa, a keɓe, ki kuma yi wa mijin bayani tun kafin a sallame ta, don kada kiranki na wata uku ya zama abin tambaya a gidan. In kwamiti ya amince, ki sa kuɗin motar dawowa asibiti a cikin lissafinki, kuma ki haɗa ranar dawowar da ranar rigakafin jariri, domin wannan fitar ba a cika hana mace ita ba.